Ranar da Na Hau Soron Malam Nu'uman

"Juya ta gabas kaɗan, Zuwaira. Kaɗan na ce, ba ki kai ta Daura ba."

Ina saman soron Malam Nu'uman, na ci ɗamara da gyale, riƙe da wata farar na'ura mai faɗin faifai. Maƙwabcinmu Farfesa Almu yana ƙasa a keken marasa lafiya, yana ba ni umarni da ragowar muryarsa.

Shekara da shekaru ya yi a Turai yana binciken yadda kwamfutoci za su gaisa ta iska, ba igiya. Ɗalibansa ma sun zama farfesoshi. Da ciwon hanta ya ci ƙarfinsa ya dawo Ƙofar Guga, ya ce kafin ya tafi sai intanet ta isa makarantar 'yan mata da ke ƙarshen lungunmu. Kowane rufi zai karɓi saƙo ya miƙa wa na gaba, yadda muke miƙa kwanon tuwo ta katanga.

Gida ɗaya ya rage. Malam Nu'uman ya rantse namiji ba zai hau masa soro ya leƙa tsakar gidajen mutane ba. Farfesa ya yi dariya har da tari, ya aika a kira ni, don kowa ya san tun ina yarinya ba na tsoron tsani.

"Mi kike gani?" in ji Farfesa.

"Jar wuta a jikin na'urar, Baba."

"Ƙara kaɗan."

Sai ta koma koriya. Can ƙarshen lungu 'yan mata suka kaure da shewa, wata ta rangaɗa guɗa. Wallahi murna ta mantar da ni inda nake, na daka tsalle.

"Ke, za ki hwasa mani ruhi!" in ji Malam Nu'uman, amma shi ma bakinsa har kunne.

Farfesa ya share ido. "Alhamdu lillahi. Sabko a hankali, ɗiyata, mun gama."

Ran Juma'a ya rasu. Ta hanyar da ya shimfiɗa ɗalibansa na ƙetare suka yi mana ta'aziyya, na yi kuka har idona ya kumbura.

Bayan sadakar uku iskar hadari ta karkatar da na'urar, intanet ta ɗauke, makaranta ta yi tsit. Ina neman gyalena in hau in gyara sai na ji muryar Malam Nu'uman ta katanga: "Mata a shiga ɗaki, za a hau sama."

Ta taga na hango shi da furfurarsa, ya durƙusa a bakin soro, yana juya ta gabas kaɗan-kaɗan.