Bunsurun da Ya Wuce Kirsimeti

Indo ba ta iya ganin abu ta kawar da kai. In maƙwabciya ta shanya sabon zani, sai ta san wanda ya saya da rumfar da aka sayo shi. Ita dai cewa take ba gulma ba ce, kula da jama'a ne. To bana abin da ya tsaya mata a rai bunsuru ne, wani ja mai dogon gemu, ɗaure a gindin darbejiya a gidan Ishaya, katanga ɗaya da su.

Ishaya Kirista ne, mutumin wajen Kausani, sana'arsa gyaran injin ban-ruwa na masu noman rani a bakin kogi. Tun da suka tare a unguwar shi da matarsa Rifkatu, duk Kirsimeti sai ya sayi dabba, amma bai taɓa sa mata wuƙa da hannunsa ba. Malam Labaran, mijin Indo, yake kira ya yi bisimilla ya yanka, don kada wani gida a layin ya karɓi kwanon shinkafarsu yana ɗar-ɗar da naman.

Bana kuwa Labaran yana kwance. Da damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ya taɓa hannun hagu da ƙafa, ya karkata masa baki. Likita ya ce lallai ya riƙa takawa yana shiga mutane, in ba haka ba ƙafar za ta sandare gaba ɗaya. Amma mutumin da ya yi rayuwarsa yana dillancin shanu a kara, wanda da bakinsa yake ci, ya rantse ba zai fita a riƙa kallon bakin nan ba. Ya shige ɗaki ya sa aka saki labule. Masu dubiya su zo, a ce musu yana barci. Ishaya ma ya sha zuwa yana juyawa daga zaure. Indo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a bayan ɗaki, mijinta sai ƙara lafewa yake a katifa, abin yana cinta ƙwarai.

Duk da haka halinta bai bar ta ba. So take ta ga wa Ishaya zai kira a madadin Labaran. Ta yanke cewa Tasi'u ne, mahaucin bakin tasha, har ta fara jin haushinsa tun bai zo ba.

Ranar Kirsimeti ta kasa kunne tun da safe. Ta ji sun fita coci, ta ji sun dawo da baƙinsu na garin Lajawa ana waƙa ana dariya. Da azahar aka aiko da kwano. Ta buɗe, shinkafa ce da soyayyen kifi. Tana cikin juya kifin da cokali, sai bunsuru ya yi kuka ta bayan katanga, lafiyarsa ƙalau.

Nan fa lissafi ya kwance mata. Ta ce ko na sayarwa ne. Juma'a ta zo, kasuwa ta ci ta watse, bunsuru yana nan. Ta ce ko na sabuwar shekara ne. Ita ma ta zo ta wuce. Ta ce ko ba shi da lafiya, ta taka turmi ta leƙa, ta tarar ya tsinke igiya yana cinye wa Rifkatu zogale, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninku. Ko dai addininsu ne ya hana yanka bana? Ba ta taɓa jin haka ba, amma wa ya sani.

Da abin ya ishe ta, ta yafa mayafi ta shiga wai aron rariya. Suka gaisa, aka tambayi mai jiki, aka tambayi yara da sanyi da gajiyar biki. Rariya tana hannunta amma ta ƙi tashi. Rifkatu ta dube ta ta yi dariya, ta ce ta san ba rariya ce ta kawo ta ba.

Ta gaya mata cewa tun kafin biki aka kawo wa Ishaya shawarar mahauta, ya ƙi. Baƙi sun yi ta tsiya, wani dattijon cocinsu har ya ce wannan wauta ce, a hana yara nama saboda wanda ba ya ko fitowa. Ishaya ya ce in ya kira wani, ya nuna wa unguwa ke nan cewa an gama da Malam Labaran, shi kuwa ba zai zama na farkon da zai faɗi haka ba.

Amma Indo tambaya ba ta ƙare mata ba. Ta ce to su me za su samu a ciki, tunda ba danginsu ba ne, ba kuma addininsu ɗaya ba.

"Yaya Indo," in ji Rifkatu, "mu abin da aka koya mana, ba da waƙa ko sabon ɗinki ake gane mai bin Almasihu ba. Da ƙauna ake gane shi. In ka ce kana ƙaunar Allah, to a gani a kan na kusa da kai. Mu kuwa ku ne na kusa da mu."

Sannan ta roƙe ta kada ta gaya wa Malam. Ishaya ya ce in ya ji, abin zai zame masa tilas.

Indo ta yi alkawari da gaske. Ta riƙe shi tun daga ƙofar Rifkatu har tsakar gidanta. Tana ɗaga labule da kofin kunu, bunsuru ya sake kwarara kuka, Labaran ya yi tsaki, ya tambaya da harshensa mai nauyi wane marar tausayi ne ya bar dabbar nan tana hana mutane sakat. Shi ke nan, bakin Indo ya buɗe. Ba ta rage komai ba, har zogalen da dattijon coci. Daga baya ta yi ta tunani ko Rifkatu ta san sarai wadda ta ba wa ajiyar magana. Har yau ba ta samu amsa ba, abin kuma yana damunta.

Labaran ya juya fuska bango. Indo ta tsorata ko ta ɓata abin gaba ɗaya. Can ya ce Ishaya ba shi da hankali, ya sa yara sun yi biki da kifi kamar marasa gata. Ya ɗaga hannun damansa ya dube shi, ya dunƙule ya buɗe. Ya ce mutum ɗaya ba ya iya danne bunsuru irin wannan, sai an samu biyu.

Indo ta ce za a samu.

Ya dafa bango, ya yunƙura, ya koma. Ta matso za ta kama shi, ya girgiza kai. Ya sake yunƙurawa, ƙafar tana rawa, har ya tsaya. Gumi ya keto masa duk da sanyin da ake yi. Ya goge gefen bakinsa da hannun riga, ya dubi hasken da ke shigowa ta ƙofa.

"Miƙo mini hulata," in ji shi. "Ki aika a ce wa Ishaya ya kwanto bunsurun, ga ni nan."