Ɗakin Goshin Jirgi

Duk wanda ya san Glenys a Bundaberg ya san cewa idan maganar jirgin ruwa na shaƙatawa ta taso, sai a ja baki a yi shiru a saurara. Shekara da shekaru tana fita da ƙawayenta na coci, su tashi daga Brisbane su zaga tsibirai, su dawo da ƙunar rana da tsarabar da ba mai so. Ta san ɗakin da ke ƙarƙashin filin rawa, wanda ba a barci a cikinsa. Ta san wanda kwale-kwalen ceto ya tare wa taga. Shawararta kuma ɗaya ce tal, ba ta canzawa: a kama ɗaki a tsakiyar jirgi, can ƙasa-ƙasa, kusa da lif, wato na'urar hawa bene. Ko a layin kanti ka tsaya bayanta, kafin a zo kanka ta faɗa maka.

Mijinta Merv kuwa bai taɓa taka jirgin ba. Manomin rake ne, ya ce shi ruwan da ya sani shi ne wanda ke sauka a gona, sauran duk na masu hutu ne. Ga taurin kai kamar kututture. Bara aka yi masa aiki a gwiwa, likita ya ce aikin ya yi kyau, saura tafiya, kullum a ɗan taka. Merv ya ce to. Aka kawo shi gida, aka hau da shi sama, ya samu kujerarsa a baranda ya zauna, shi ke nan. Mai gashin ƙashi ta zo ta yi lallashi ta gaji, Glenys ta yi faɗa ta yi kuka, mutumin nan ko a jikinsa. Daga gado sai kujera, daga kujera sai teburin abinci.

Gidansu kuwa irin namu ne na da, na katako, a ɗage kan dogayen ginshiƙai, sai an hau matakala mai tsayi kafin a kai ƙofa. A nan matsalar take. Ɗansu Darryl, yaron kirki ne amma akwai son tsara wa mutane rayuwa, ya riga ya samo musu wani ɗan gida a unguwar tsofaffi cikin gari, ƙasa shimfiɗe, ba hawa ba sauka. Ya ce ba zai zuba ido gobara ko ambaliya ta ritsa da mahaifinsa a sama ba. Idan bikin Ista ya wuce Baba bai iya hawa matakalar nan da ƙafarsa ba, sai a sayar a koma. Glenys ba ta iya musa masa ba, don gaskiya ya faɗa. Amma a gidan nan aka kawo ta amarya, ita ta dasa mangwaron da ke inuwantar da barandar, kuma duk lokacin da ta tuna ɗan akurkin can na cikin gari sai ta ji zuciyarta ta yi nauyi.

Sai ta yi abin da ta fi iyawa, ta kama musu ɗaki a jirgi. Da abinci ta ja shi: jatan lande ci sai ka ture, gasasshen naman rago kullum, ba mai ƙirga maka loma. Merv ya yi ɗan gunaguni ya yarda. Ranar tafiya Darryl da wani maƙwabci suka sauko da shi kamar ana sauke firji.

Da suka shiga jirgin aka nuna musu hanyar ɗakinsu, sai ga wani dogon lungu ya miƙe a gabansu, ƙofofi dama da hagu iri ɗaya, ba a ganin ƙarshensa. Suka kama tafiya. Merv na dogara sanda da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ƙarfen da ke jikin bango, yana tsayawa yana haki yana tambayar ko har sun taka sun wuce garin Noumea ne. Ɗakin nasu shi ne na ƙarshe, can a goshin jirgi, a bene na sama, wanda daga shi sai teku. Gidan cin abinci kuwa yana can ƙarshen baya.

"Ke da kike koya wa duniya kama ɗaki," in ji Merv bayan ya zube a gado, "wannan ne kika samo mana?"

Glenys ta ce laifin ofishin sayar da tikiti ne, sun rikita mata, kuma jirgin ya cika babu canji. Ta faɗa tana jera kaya a kabad don kada su haɗa ido.

Dabarar ta fara aiki kamar wasa. Yunwa ba ta san ciwon gwiwa ba. Da safe Merv ya kama lungun nan yana zagin wanda ya ƙera jirgin, da rana ya sake, da yamma ya sake. Ƙasa shimfiɗe da kafet mai laushi, ga abin riƙewa tun daga farko har ƙarshe, ga ƙamshin nama yana jiransa a can gaba. Abin da mai gashin ƙashi ta kasa cikin watanni, naman rago ya fara yi cikin 'yan kwanaki. Glenys na biye da shi a baya, tana taya shi zagin mai ƙera jirgi, a ranta kuwa kamar ta taka rawa.

Noelene ce ta ɓata komai. Tsohuwar ƙawar tafiyar Glenys ce, mijinta ya rasu, bakinta kuma ba ya riƙe ko ruwa. Ita tana can ɗakin da suka saba kamawa da Glenys a tsakiya, ita kaɗai da gado biyu. Suna zaune ana cin abincin rana, Merv ya fara ba da labarin sakarcin ofishin da ya jefa su goshin jirgi. Noelene ta ajiye cokali tana dariya, ta ce wane ofishi, ai tana tsaye a wurin Glenys ta sa yatsa a kan hoton jirgin ta ce wannan take so, har yarinyar ofishin ta yi ta roƙonta ta karɓi na kusa da lif ta ƙi. Glenys ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita.

Merv ya jawo farantinsa. Ya cinye abincinsa tsaf, ya goge baki, ya tashi ya kama hanya. Sai da suka isa ɗaki ya ce shi ba saniya ba ce da za a riƙa ja da ciyawa. Daga nan ya ɗauki wayar da ke gefen gado, ya gano abin da Glenys ta yi ta addu'ar kada ya gano, wato ana kawo abinci har ɗaki. To fa. Daga ranar sai ga tire yana shigowa, tire yana fita. Mutumin ya miƙe ƙafa a gado yana kallon wasan kurket, yana ɓare jatan lande, idan ta shigo ya tambaye ta yaya hanya, an sha tafiya. Haushi kamar ya kashe ta. Ta zauna a bakin gado tana kallon gwiwar nan, tana ganin gidanta yana sulalewa daga hannunta, ga shi ba ta da bakin magana tunda ita aka kama da ƙarya.

Suna baro tsibiran Vanuatu teku ya tashi. Tun da hantsi goshin jirgin ya fara ɗagawa sama yana faɗowa, ya ɗaga ya faɗo, ƙofar kabad na buɗewa tana rufewa da kanta. Akwai abin da Glenys ba ta taɓa faɗa wa kowa a layin kanti ba: ba don lif take kama tsakiya ba, don cikinta ne. Ita ko a kwale-kwalen kogi sai ta yi amai. Kafin tsakar rana ta zama abin tausayi, kwance da tawul a goshi, fuska ta yi fari fat, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Merv, wanda cikinsa ko dutse ya haɗiya zai narke, ya kashe talabijin. Ya kira masu kawo abinci, aka ce masa rabin jirgin na kwance, sai ya yi haƙuri ya jira. Ya tambaye ta me take sha idan haka ta same ta. Da ƙyar ta ce koren tuffa da citta, ana ajiye su a gidan cin abinci saboda irin wannan rana. Daga nan ta rufe ido.

Da ta buɗe, ba Merv, ba sandarsa. Nan ta manta da tashin zuciya, tsoro ya maye gurbinsa. Ta hango shi a ranta ya faɗi a lungun nan, sabuwar gwiwar ta goce, ba kowa kusa. Ita ta kawo shi nan, ita ta zaɓi ɗakin da ya fi kowanne nisa, don wayonta. Ta yunƙura za ta tashi, ɗakin ya juya da ita, ta koma ta kwanta. Ta yi wa Allah alkawarin idan ya dawo lafiya ko a ɗan akurkin Darryl ne za ta zauna ba ƙorafi.

An daɗe, har ta fara kuka, sai ta ji sanda na ƙwanƙwasa ƙofa. Ya shigo jiƙe da gumi, hularsa ta gona a hannu cike da tuffa, kwalbar lemon citta a kowane aljihu. Ya zauna a kujera yana mayar da numfashi, ya zaro 'yar wuƙarsa ya fara fere mata tuffa. Ya ce an tsayar da lif saboda igiyar ruwa, sai matakala ya bi, sauka da hawa. Ya faɗe shi kamar yana ba da labarin farashin taki.

Ta karɓi yanka ɗaya tana tsotsa. Shi kuma ya yi ta kallonta.

"Na bi ta tsakiyar jirgin nan," ya ce. "Kin san me na gani? Mutane zaune suna shan shayi. Ko ɗigo ba ya zuba daga kofi. Ina ƙara matsowa nan, ƙasa na ƙara rawa." Ya juya tuffar a hannunsa. "Kin san haka nan yake tun kafin ki sa yatsa."

Ta ce ta sani.

"Kuma kin san halin cikinki."

"Na sani, Tsoho. Gidana nake so. Da kai a ciki, kana hawa kana sauka."

Merv ba mutumin daɗin baki ba ne, shekarunsu tare bai taɓa zama ba. Ya yi gyaran murya, ya ce ita dai ba ta da hankali, tun tana budurwa ba ta da shi. Sannan ya ce ta tattara rigar barcinta, ya biya ta wurin bakin ganga, wato Noelene, sun gama magana, gadon can na biyu nata ne har a isa Brisbane. Glenys ta ce shi fa, ai sai ya nemi a sauya musu ɗaki gaba ɗaya. Ya ce ina, shi ya saba da nan, iska ta fi kyau.

"To sai yaushe zan gan ka?"

"Kullum da safe," in ji shi. "Zan riƙa zuwa zance. Ki dai yi kwalliya, don hanyar da nisa."

Haka kuwa aka yi. Kowace safiya sai a ji sanda a ƙofar Noelene, a buɗe a ga Merv ya taje 'yan gashin da suka rage masa, ya sauko ta matakala ko da lif na aiki. Noelene ta ɗauki matsayin uwar budurwa, ta tsare shi a bakin ƙofa tana tambayarsa ɗan gidan wa ne, wace sana'a yake yi, kuma ya dawo mata da yarinya kafin rana ta faɗi. Ya ce mata shi manomi ne, niyyarsa kuma ta alheri ce. Tsofaffin da ke ɗakunan kusa suka gane abin, har suka riƙa leƙowa suna yi masa kirari. Glenys ta fito da jan baki, abin da rabonta da shi tun bikin Darryl, ta saƙala hannu a nasa su nufi wurin naman rago. Ita kanta ta yi mamakin yadda take jin kunya.

Darryl ne ya ɗauko su daga Brisbane. A hanya ya yi ta ba su labarin ɗan gidan cikin gari, wai har an sa sabon famfo. Merv dai na ta kallon gonakin rake ta taga. Da suka tsaya a gindin mangwaron gida Darryl ya fito da sauri ya ce bari ya kira maƙwabci a kama Baba. Merv ya ce ya dakata, ya miƙa masa sandar ya ce ya riƙe masa wannan. Ya kama ƙarfen matakala ya fara hawa, a hankali, ƙafa mai lafiya a gaba, yana tsayawa yana hutawa, katakon na ƙara a ƙarƙashinsa kamar yadda ya saba. Glenys na tsaye a ƙasa da jakarta a hannu, har yanzu tana jin ƙasa na ɗan lilo da ita, hawaye na zuba tana dariya.

Da ya kai sama ya juyo, ya dafa ƙarfen baranda, ya dubi ɗan nasa da ke tsaye baki buɗe.

"Ka hawo da akwatunan," ya ce. "Kuma ka kama hannun uwarka, ba ta jure tafiya."