Hirar da Ba Ta da Shaida

Bayan an kai gawar Chimezie garinsu an dawo, 'yarsa Ujunwa ta zo Rijiyar Lemo ta roƙi Malam Mala, aminin babanta, ya raka ta shagon intanet a Titin Ibrahim Taiwo. Shi da marigayin sun daɗe da kafa eriya a kan rufi, suna magana ta rediyo da mutanen ƙasashe masu nisa. A da, kati ake aika wa juna a tabbatar an yi hira. Yanzu kuwa kowa a wani shafin intanet yake shigar da bayanan hirarrakinsa, in na mutum biyu suka dace, shafin ya shaida.

Ujunwa ta shigar da duk hirarrakin da babanta ya rubuta a littafinsa. Sai ga shaidu suna ta fitowa, daga Japan, daga Brazil, har da wani tsibiri da ta kasa faɗin sunansa.

"Baba, ina naka?" ta tambaya. "Kullum bayan la'asar muryarka ta rediyo ke cika shagonsa a Sabon Gari."

Mala ya gyara tabarau, ya bi layukan da yatsa har ƙasa. Babu sunansa. Shekara da shekaru suna hira suna tsokanar juna, amma ba wanda ya taɓa rubutawa. Wa zai tsaya rubuta gaisuwar mutumin da ɗan acaɓa zai sauke ka a ƙofarsa?

"To mu shigar yanzu mana," in ji ta.

Ya girgiza kai. "Shaidar mutum biyu ake so, 'yata. Saura ni kaɗai."