Farantin Kwatano

Ƙanena Namadi mai fito ne a gulbin Kwara, shi ke haye da mutanen Kaoje da masu fitowa Dahome zuwa Bagudo. Kada bai taɓa hana shi barci ba, amma faranti ya hana shi.

Farantin na matarsa Atika ne. Mijinta na fari, Bunyaminu, ya tafi ci-rani Kwatano ta ƙasar Dahome, ya aiko mata da shi, daga nan ko ɗuriyarsa. Alƙali ya raba auren, Namadi ya aure ta a shekarar da aka ba da mulkin kai. Ta kafa farantin a tsakiyar jerenta. An zana teku a jiki, ruwa shuɗi kamar an kifar da baba, ga jirage masu fararen ƙyallaye iska ta cika su, sama kuwa ja-ja-ja. In Atika ta gama aiki sai ta zauna ta zuba masa ido.

Namadi ya same ni ina sussukar shinkafa, ya ce, "Yaya, jiragen nan, tahowa suka yi ko tahiya?"

Na ce, "Kai da ka tsufa cikin jirgi kaka tambaya ta?"

Ya ce, "Nau jirgi da gora aka tura shi. Waɗanga ban san gabansu da bayansu ba. In tahowa suka yi, to jiran Bunyaminu takai."

Kishi da wanda ba ya nan, ai dambe da inuwa ne. Na gaya masa haka, ya ƙi ji. Jan saman ma bai bari ba: yau ya ce fitowar rana ce, alamar isowa, gobe ya ce faɗuwar rana ce, alamar tafiya, ya ɗan samu ya ci tuwo. Ya tambayi kowa ban da Atika, don yana tsoron amsarta.

Ranar kasuwa Atika ta tafi awo, gogan naka ya sunkuce farantin a riga, ya kai tsakiyar gulbi ya sake shi.

Atika ba ta yi faɗa ba. Ta dubi bangon, ta share ƙurar wurin, ta ɗora tukunya. Da ma ta zage shi, da ya fi masa.

Tun daga ranar, in ta gama aiki, sai ta ɗauki tabarma ta zauna bakin mashigi tana kallon hayin Dahome. Kowane baƙo Namadi ya ɗauko, sai ta miƙe tsaye ta duba fuskarsa.