Ɗan Leƙen Asirin Zauren Illo

Ajidan Idirisa ya riga ya ɗora hannu kan wayar na'urar kafin Illo ya haɗiye dambun da ke bakinsa.

"Wannan ce mai kashe sojoji?" in ji jandarman mai muƙamin ajidan.

'Yan kabu-kabu shida da ke jere kan benci, waɗanda yanzun nan suke ihu kamar ana rabon nama, kowa ya shiga duban farcen ƙafarsa. Ranar kasuwar Matameye ce, ranar da zauren Illo ya fi cika, ga shi kuma an yi sa'a kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba tun safe.

Shekarar ba ta wasa ba ce. Daminar bara ta yi rowa, gonar Illo da ke hanyar Kance ko dami goma ba ta ba shi ba, sojoji kuma sun karɓi mulki, kowa na taka-tsantsan da bakinsa. Tele ɗaya da baƙar na'urar wasan da ya sayar da ragunansa ya sayo a Kano, su ke ciyar da shi da matarsa da 'ya'ya uku da tsohuwarsa. In aka fita da na'urar nan, gidan ya shiga uku.

"Ƙara ta iso birgad, ofishinmu," ajidan ya ci gaba. "An ce kana tara samari kana koya musu harbin masu kaki. A wannan lokaci, Illo? Zan tafi da ita."

Allah ya hore wa Illo baki, nan take kuma ya sake shi.

"Mon ajidan, wanda ya kai ƙarar bai san wasan ba. Wallahi kisa abin kunya ne a cikinsa! Ɗan leƙen asiri ne ake aikawa sansanin abokan gaba ya ɗauko takardu. Bindiga na nan a ƙugunsa, amma gwani ba ya taɓa ta. Rarrafe yake cikin ciyawa, ya laɓe a inuwa, ya jefa dutse can mai gadi ya bi ƙara, shi ya wuce ta nan. Masu gadin kuma ba dolaye ba ne. Suna ganin sawu a laka, suna jin takun mutum a kan kwano, in ɗaya ya ɓace ɗan'uwansa zai fito nema. Daɗin abin, ka shiga ka fito ba wanda ya san ka zo."

"Akwai mai iya haka?"

"Ga shi gabanka, shef," in ji Bawa, babban cikin 'yan kabu-kabun. "Illo ya ƙare wasan sau uku, ko sauro bai kashe ba."

"Bon." Ajidan ya janye hannu, ya jawo kujera. "Nuna mini. Ka shiga ka fito ba gawa ko ɗaya, in bar maka kayanka. Ka taɓa soja guda, in tafi da ita."

Sai dai akwai abin da Matameye ba ta sani ba. Illo bai taɓa wuce ƙofar farko ta sansanin ba. Da ya hango soja sai yatsansa ya yi masa gardama ya danna harbi, jiniya ta tashi, a taru a kansa. Mai ƙare wasan Rahamatu ce, matarsa. Tsakar rana, in samari sun watse sallah da cin abinci, takan zauna bakin ƙofar da ta haɗa zauren da cikin gida, bayan asabari, inda take ganin tele ba a ganinta. Illo da kansa ya ja mata doguwar wayar maneti, abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, ta ƙarƙashin tabarma. Samari suka dawo wata rana suka tarar an kai ƙarshen wasan, suka ɗauka shi ne. Bai ce shi ba ne, bai kuma ce ba shi ba ne, sai dai tun ranar tafiyarsa ta sauya.

"Bari in kurɓi ruwa, mon ajidan."

Ya same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ji komai, ya gani a fuskarta.

"Uwar Habi, ki rufa mini asiri."

"Ni kuma? Ai ga gwani a gida."

"Don girman Allah. Abincin yaran nan ne za a ɗauke."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai, sannan ta karkaɗe garin da ke hannunta.

"Ka riƙe taka manetin kamar da gaske. Kuma ban da yawan surutu, yana raba mini hankali."

Illo ya dawo ya ce maɓallin manetin yana maƙalewa, ya duƙa bayan na'urar ya musanya wayoyi. Ta Rahamatu ya jona, tasa ya cusa a ramin da ba ya aiki. Ya zauna, ya yi bisimilla da ƙarfi don a ji a bayan asabari.

Ɗan leƙen asirin ya sulale cikin ciyawa. Ruwan sama ake yi a cikin wasan, har wani daga benci ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya kawo mana irinsa. Fitilar hasumiya ta share fili ta wuce, mutumin ya bi bayanta a duƙe, ya manne da bango. Illo na ta murza manetin da ba ta jin kira, yana karkata kafaɗa, yana cije leɓe. Gumin da ke zubo masa kam na gaske ne.

A bayan wani tankin mai, ɗan leƙen asirin ya tsaya cak. Minti ɗaya, biyu.

"Ya lalace ne?" ajidan ya tambaya.

"Haƙuri, mon ajidan. Haƙurin shi ne wasan." Shi ma Illo bai san abin da ake jira ba.

Sai ga mai gadi ya ɓullo daga inda ba wanda ya zata, ya tsaya daf da tankin, ya yi hamma, ya kunna taba.

"Dubi ɗan banza, taba a bakin aiki, kusa da mai!" in ji ajidan, ya matso da kujerarsa. "Da a ƙarƙashina yake, kwana takwas zai yi a rufe. Yanzu, yanzu, wuce ta bayansa!"

Mutumin ya wuce ta bayansa, a hankali, har ana jin numfashin mai gadin. Benci ya sauke numfashi tare. Ajidan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Illo ya fara jin cewa yau Allah ya tsaya masa.

"Salamu alaikum!"

Alhaji Shekara ne, ƙanen mahaifin Illo, ya zo cin kasuwa daga Icirnawa. Tun Illo na yaye aka koya masa yadda ake gaida Baffa, jikinsa kuwa bai tsaya shawara da kansa ba. Ya ajiye maneti a tabarma, ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu.

"Baffa, sannu da hanya. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ina iyali? Ina tsohuwa, ƙafar da sauƙi?"

"Da sauƙi, Baffa. Ya mutanen gida? Ya muka ji da rashin ruwa?"

"Sai addu'a. Saniyar nan ma na kawo ta kasuwa tun tana iya tafiya da ƙafarta."

Gaisuwar Alhaji Shekara ba a katse ta. Kafin a zo kan jikoki, ɗan leƙen asirin ya hau tsani, ya ratsa tsakanin sojoji biyu, ya buɗe akwatin ƙarfe ya kwashe takardu. Maneti na kwance a tabarma ba mai taɓa ta.

"La'ilaha illallahu!" Bawa ya miƙe tsaye. "Shi kaɗai yake tafiya!"

Ajidan Idirisa ya daɗe a aiki, ba ya saurin kiran aljanu. Ya sa ƙafa ya ɗaga bakin tabarma, ya bi waya da ido har inda ta shige ƙarƙashin asabari. Fuskarsa ta koma irin wadda ya shigo da ita. Ya tashi ya sake kama wayar na'urar.

"Da kai na yi magana, ka yi mini maguɗi a gaban mutane. Wa ke ciki?"

Illo na durƙushe har yanzu, hannunsa cikin na Baffa. Ya dubi samarin da suka shekara suna kiransa gwani. Kunya ta rufe shi, amma tsoron ganin an fita da na'urar ya fi kunyar ƙarfi.

"Matata ce, mon ajidan. Ita ce ta iya. Duk sau ukun ita ce. Ni ko ƙofar farko ban taɓa wucewa ba."

Dariyar da ta tashi sai da masu awon gero suka waiwayo daga bakin titi. Bawa ya riƙe ciki ya zame daga benci.

"Rahamu ce ke tuƙa shi?" in ji Alhaji Shekara, yana leƙen tele. "To mene ne abin mamaki? Tun tana 'yar mitsitsiya a Icirnawa ita ke kama mana zabi, ko fuffuke ba sa kaɗawa."

Ajidan bai yi dariya ba, sai dai gashin bakinsa ya ɗan motsa. Ya juya wajen asabari.

"Madam, saura me?"

"Gada ɗaya, ranka ya daɗe, da kare," in ji murya daga ciki.

"Bisimilla."

Ta ɗauki lokacinta. Karen ya ɗaga hanci, ya zagaya, ya koma ya kwanta. Mutumin ya rataya a gefen gadar ya bi ta da hannu har tsallake, ya shige daji. Rubutu ya fito da Faransanci, ajidan ya karanta a fili: ba jiniya, ba wanda ya gan shi, ba wanda aka kashe. Ya saki wayar, ya sa hularsa.

"Abin da na gani shi zan faɗa a birgad. Riƙe kayanka."

Har ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya sosa ƙeya.

"Amma karen nan. Yaya aka yi bai ji warinsa ba?"

Illo ya buɗe baki zai yi bayani kamar yadda ya saba. Ya rufe shi. Ya juya wajen asabari.

"Uwar Habi, ajidan na tambaya."

Sannan ya matsa wa Bawa ya zauna a kan benci cikin 'yan kallo, ya kasa kunne, don shi ma yana so ya sani.