Maɓallin Gogewa

Yana cikin shafa wa maɓalli na ƙarshe man giris da wani ɗan siririn burushi, harshe a waje kamar ɗan firamare, sai matarsa ta leƙo ta tambaye shi ko majinyacin zai tashi.

"Zai tashi, Gimbiya. Magana ce dai ba zai ƙara yi ba."

"Allah ya sa, Injiniya," ta ce, ta ja ƙofar.

Shi ba injiniya ba ne. Daga gida yake aiki, yana amsa koke-koken abokan cinikin wani kamfanin inshora. Ita ta laƙaba masa sunan, tun ranar da ta gane mutumin da ta aura ba ya sayen kibod ɗin kwamfuta kamar sauran bayin Allah. Haɗa nasa yake yi. Ya zana fasalin, ya yi odar allon, ya zaɓo maɓallai masu ƙara, waɗanda duk dannawa sai sun ce ƙas. A kunnensa, yayyafi ne a kan rufin kwano. A nata kunnen, kafinta ne ya tare a ɗakin da ke jikin nata.

Ta yi haƙuri, ta yi ba'a, ta toshe kunne da auduga. Ranar da ciwon kai ya kwantar da ita kuwa, ta gaya masa ba da wasa ba: ko ƙarar nan ta bar gidan, ko ita ta koma wajen yayarta har ya gama kiɗansa.

Hankalinsa ya tashi, don yana son ta irin son da ke sa mutum ya zama abin dariya. Ya sha gaya wa abokansa masu wannan sha'awa cewa matarsa tana karanta zuciyarsa ta bango. Duk ranar da manaja ya ɓata masa rai, kafin ya buɗe baki sai ga ta da kofin shayi, ta ajiye, ta dafa wuyansa da tafinta mai sanyi, ta fita. Abokan suka ce dace ne. Shi ya ce haka rayuka biyu suke idan an halicce su tare.

Saboda haka ya sayo maɓallai marasa ƙara. Ya buɗe cikin kowanne, ya shafe ɗan sifirin ɗin ƙarfe da ke ciki, mai dawo da maɓallin sama, da mai, ya shimfiɗa soso a ƙasan allon. Tsofaffin ya zuba su a gwangwani, ya rufe kamar mai binne masoyi. Abokan har ta'aziyya suka yi masa.

Yanzu ya jona kibod ɗin, ya kira ta, ya buga mata layi guda. Yatsunsa suna ta gudu, ɗakin tsit. Ta tafa masa, ta ce yau ta yarda ya yi karatu, ta koma kicin tana waƙa.

Bayan azahar saƙon manaja ya shigo. Wai amsoshinsa sun cika tsawo, kamfani ba mawaƙi ya ɗauka ba, kuma an tura kwafin saƙon ga kowa a sashensu. Kunnuwansa suka yi zafi. Ya rubuta martani mai zafi, ya goge. Ya sake rubuta wanda ya fi shi, ya goge. Sannan ya jingina da kujera, ya ɗan sunkuyar da wuya, yana jira.

Ƙofa ba ta motsa ba. Daga kicin waƙar ce kawai ke tashi, da ƙarar cokali a tukunya. Ya jira har wuyan ya sage. Ya raya a ransa: ashe ya makara, ƙarar ta riga ta cinye son kafin ya kashe ta.

Ya same ta tana yanka albasa. Da ta ga fuskarsa ta ajiye wuƙar, ta tambaye shi wa ya mutu. Ya gaya mata abin da manaja ya yi, sannan ya tambaye ta ko yau ba ta ji komai a ranta ba.

"A raina?" Ta yi dariya har ta dafa bango. "A kunnena dai. Idan manajan nan ya taɓo ka, maɓallin gogewa kake duka kamar shi ya zage ka. Ina jin ƙas-ƙas-ƙas ɗin nan sai in ɗora ruwa."

Rayuka biyun da ya cika wa abokai kunne da su, ashe ɗan guntun roba ne da sifirin.

"Na ɗauka kin tsani ƙarar."

"Na tsane ta mana. Ai sai ana saurare ake tsana."

Ya koma ɗaki ya daɗe yana kallon gwangwanin. Daga bisani ya ɗauki hantsaki, ya zare maɓallin gogewa daga sabon allon, ya ɗauko tsoho guda ɗaya ya dasa a gurbinsa. Babu abin gogewa a fuskar kwamfutar, amma ya danna shi a jere, da ƙarfi.

Waƙar ta tsaya.

"Wannan ba na fushi ba ne, Injiniya," muryarta ta ratso bango. "Tashi ka dafa da kanka."

Bai tashi ba. Ya kasa kunne, ya ji ta buɗe famfo tana tara ruwa a butar shayi.