Kumatun Sundus

Tun da na haifi Sundus ba ta taɓa yin jiki ba. A asibitin birnin Asyut suka ce da wata lalura aka halicce ta, irin wadda ba a cika gani ba. A ƙauyenmu kuwa cewa ake nonona ne ba shi da kyau.

Tana shekara huɗu sai tabo shuɗi-shuɗi ya fito mata a ƙafafu, ga yawan haɓo. Dakta Mirfat ta ce jikinta ne yake cinye ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Ta rubuta maganin sha, ta ce a riƙa ragewa, a daina kafin wata ya ƙare.

Haɓon ya tsaya. Kumatun Sundus suka ciko kamar gurasa a tanderu, mata suna tare ni a hanya suna masha Allah. Da kwalbar ta ƙare, surukata Hajiya Fatahiyya ta kai ta kantin magani aka ba ta wata. Ina gani ban hana ba. Ba na iya ɗaga ido a gabanta, kuma ni ma yabon ya yi mini daɗi.

Ranar komawa asibiti tare da Hajiya muka shiga jirgin ƙasa. Dakta ta dubi fuskar yarinyar, ta buɗe bakinta, ta ga fari-fari a harshe.

"Maman Sundus, yaushe kuka daina maganin?"

Na sunkuyar da kai. Hajiya ta yi dariya.

"Mu daina? Haba 'yata, dubi yarinya kamar wata ɗan daren sha huɗu. Da fa kamar kazar da ruwa ya doka."

"Hajiya, kumburi ne, ba ƙiba ba. Dama garkuwar jikinta ba ƙarfi, maganin yana ƙara karya ta. Kada kuma ku yanke shi lokaci ɗaya, akwai haɗari. Zan nuna yadda za a rage. Wa zai riƙe kwalbar?"

"Ni mana," in ji Hajiya, tana nuna ni. "Wannan ko shayi za ta dafa sai na tsaya a kanta."

Dakta dai ni take kallo.

"Ni," na ce. Na juya wajen Hajiya. "Mama, ki ba ni."

Hajiya ta daɗe tana kallona. Ta zuge jaka, ta dangwarar da kwalbar a kan tebur, ta juya fuska wajen taga. Na miƙa hannu na ɗauka.